Tambayi Mai Magani: Bitamin C da Zink

Assalamu alaikum. Tun da hunturu ya fara busawa, wasiƙun da ke shigo wa filin nan suka karkata kan abu biyu, bitamin C da zink. Wasu tambayoyin magana ɗaya ce aka yi ta da baki daban-daban, sai na zaɓi guda ta wakilci sauran. Kamar kullum, ba ma buga suna, sai gari. Kuma ina tuni cewa ni mai harhaɗa magunguna ne. Abin da ke bukatar a ɗora hannu a jikin mutum a duba, sai an je asibiti.

TAMBAYA: Malam, ni direban babbar mota ne, Funtuwa zuwa Legas. Tun lokacin korona nake shan bitamin C ɗin nan mai miligiram 1,000, wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa, kullum da safe. Kuɗinsa ya fara yi min nauyi, kuma mura ba ta fasa kama ni ba. Jabu nake saye, ko in ƙara ya zama biyu? Daga wani direba, Funtuwa.

AMSA: Malam direba, Allah ya tsare hanya. Kada ka ƙara. Mai yiwuwa ma ba jabu ba ne, aikin da ka ɗora masa ne ba nasa ba.

Namiji baligi na bukatar wajen miligiram 90 na bitamin C a rana, mace 75. Mai shan taba sai ya ƙara 35 a kai, domin hayaƙi na cinye shi. Kai kuwa 1,000 kake ɗura wa cikinka, sama da ninki goma. Jiki ba ya tara wannan bitamin da yawa. Kamar randa ce, in ta cika, duk ruwan da aka ƙara ƙasa zai bi. Da abin da mutum ke samu ya kai wajen miligiram 200 a rana, jini ya kusa ƙoshi. Daga nan hanji ya rage ɗauka, ƙoda kuma ta tace ragowar ta fitar a fitsari. Wato galibin kuɗin nan naka a bayan mota kake tsiyayar da su, a Tegina ko a Jebba.

Maganar cewa bitamin C na hana mura ta yi ƙarfi ne daga 1970, lokacin da wani babban masanin kimiyya na Amurka, Linus Pauling, ya fitar da littafi yana kiran mutane su riƙa sha da yawa. Mutumin ya ci kyautar Nobel har sau biyu, saboda haka duniya ta saurare shi, kamfanoni kuma suka ga kasuwa. Bayansa an yi ta gwaji. A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta haɗa gwaji 29 da suka ƙunshi mutum sama da 11,000. Abin da ya fito shi ne, mai shan bitamin C kullum da wanda ba ya sha kusan daidai mura ke kama su. Ɗan amfanin da aka gani a tsawon murar yake: tana raguwa da kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara. Murar mako guda ke nan an rage mata kamar rabin yini. Wanda kuwa sai da murar ta kama shi sannan ya ruga kemis, ba a ga wani tabbataccen amfani gare shi ba. Waɗanda kawai aka ga kamuwarsu ta ragu da rabi su ne masu gudun dogon zango da masu tseren zamiya a kan ƙanƙara da sojojin da ke atisaye cikin ƙanƙara. Tuƙin tirela wahala ce, na sani, amma ba irin wannan ba ce.

Ta korona ma an gwada. A farkon 2021 likitocin asibitin Cleveland a Amurka suka buga sakamakon gwajin da suka yi da majinyata 214. Wasu aka ba su bitamin C miligiram 8,000 a rana, wasu zink miligiram 50, wasu duka biyun, wasu kuma ba a ba su ko ɗaya ba. Ba a ga bambancin kirki a ranakun warkewa ba, har aka dakatar da gwajin tun bai kai ƙarshe ba.

Zink yana da ɗan abin faɗa a kan mura, amma irin wanda ake tsotsa a baki, kuma sai an fara a ranar farko. Yana iya rage kwana ɗaya ko biyu, yana kuma barin ɗaci a baki da tashin zuciya. Ba kasafai nake ganinsa a kantunanmu ba. Ƙwayar da ake haɗiyewa ba ita aka gwada a wannan ba.

Abin da ya fi damuna da kai shi ne ƙoda. Jiki na juya wani ɓangare na rarar bitamin C ya zama sinadarin da ke haɗa tsakuwar ƙoda. A Suwidin an bi maza sama da 23,000 tsawon shekara 11, aka ga masu shan ƙwayar bitamin C sun ninka sauran wajen samun tsakuwar. To ga ka direba, ga zafi, ga ƙarancin shan ruwa don kada a yi ta tsayawa, ga riƙe fitsari. Sannan ƙwayoyin nan masu tafasa, abin da ke sa su tafasa yana ɗauke da sodiyam, sinadarin nan na cikin gishiri. In kana da hawan jini, ka ga an ƙara maka kaya.

Ka ajiye shi. Gwaiba ɗaya matsakaiciya ta wuce miligiram 100, lemon zaƙi ɗaya na ba da wajen 70, kuma babu tashar da ba a tallarsu a lokacinsu. Ka riƙa wanke hannu kafin cin abinci, ka rufe hanci in ƙura ta taso, ka sami barci. In tari ya wuce mako biyu, wannan ba mura ba ce, ka je a gwada maka tarin fuka. Kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

TAMBAYA: Ɗana ɗan wata 14 ya yi gudawa. A asibitin unguwarmu aka ba mu ORS da ƙwayar zink guda goma, aka ce ɗaya kullum. Ranar farko ya yi amai bayan na ba shi. Da aka kwana uku gudawar ta tsaya, sai uwar mijina ta ce a daina, ai haƙori ne, kuma ba a ba mai lafiya magani. Saura bakwai suna nan a ajiye. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Gusau.

AMSA: 'Yata, Allah ya raya shi. Da a ce tambaya ɗaya aka ba ni damar amsawa a wannan wata, taki zan ɗauka. A duk abin da ake faɗa kan zink, babu inda amfaninsa ya tabbata kamar a gudawar yara, kuma nan ne aka fi yi masa riƙon sakainar kashi. Na sha ganin magidanci ya biya kuɗi masu kauri ya sayi bitamin mai tafasa don kansa, a kawo maganar zink ɗin yaro, wanda bai kai kuɗin katin waya ba, ya ce a bari tukuna.

Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwa tare cewa duk yaron da ke gudawa a ba shi abu biyu: ORS, wato ruwan gishiri da sukari, da zink. Awon da suka faɗa a 2004 shi ne, ɗan wata shida zuwa sama miligiram 20 a rana, wato ƙwaya ɗaya. Wanda bai kai wata shida ba miligiram 10, rabin ƙwaya. Kwana 10 zuwa 14 a jere. Aikinsu daban-daban ne. ORS na mayar da ruwa da gishirin da jiki ya zubar, shi ke hana mutuwa a ranar. Zink kuwa na gyara fatar cikin hanji da gudawar ta ɗaye, yana rage yawan kashin da kwanakin ciwon.

Ga dalilin kwana goman. Jiki ba shi da rumbun ajiyar zink, kuma gudawa na kwashe ɗan wanda ke akwai ta fitar. Ranar da kashi ya tsaya, yaro ya warke a ido, amma jikinsa na cikin rashi. Kwana ukun farko na wannan gudawar ne. Sauran bakwai ɗin na wadda ke tafe ne, domin an tabbatar yaron da ya kammala yana samun kariya daga sake yin gudawa har tsawon wata biyu zuwa uku. Wanda aka katse masa shi ne za ki ga bayan mako uku an koma gidan jiya, yana ramewa kaɗan-kaɗan, har a wayi gari ana maganar tamowa.

Na san kafin mujallar nan ta iso hannunki kwanaki sun ja. In kwana ɗaya ko biyu aka tsallake, ki ci gaba ki ƙarasa. In an jima sosai, ki koma wajen ma'aikaciyar da ta ba ki, ki gaya mata gaskiya, ba duka za ta yi ba.

Aman da ya yi ba baƙon abu ba ne. Zink na tayar da zuciya, musamman a cikin da babu komai. Ki ba shi bayan ya sha nono ko ya ci wani abu. Ƙwayar ba ta haɗiya ba ce: ki sa ta a cokali, ki ɗiga ruwan nono ko tsabtataccen ruwa, nan da nan za ta narke. In ya amayar cikin rabin awa, ki jira ya natsu ki sake ba shi. Masana ma sun lura da wannan matsala. A wani gwaji da aka yi da yara 4,500 a Indiya da Tanzaniya, wanda aka buga a 2020, an ga miligiram 5 ko 10 na aiki kamar 20, da ƙarancin amai. Saboda haka in yaro ya cika amayarwa, a yi wa ma'aikacin lafiya magana ya duba ragewa, ya fi a daina gaba ɗaya.

Yanzu batun Hajiya. Ba ƙarya ta yi ba da ta ce gudawa da haƙori tare suke zuwa, ta goyi 'ya'ya ta gani da idonta. Sai dai ba haƙorin ke kawo ta ba. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, lokacin da dasashi ke ƙaiƙayi yaro na cusa duk abin da ya tsinta a baki, takalmi ne, murfin kwalba ne, ƙasa ce. Shi ne kuma lokacin da aka fara ba shi kunu da ruwa, garkuwar da ya fito da ita daga cikin uwa kuma tana raguwa. Ƙwayar cuta ce ke shiga, kuma ruwan jikin yaro ƙarewa yake ko da me aka kira ciwon. Kada ki yi jayayya da surukarki. Ki ba mai gidanki wannan shafi, shi ya san yadda zai shigar wa mahaifiyarsa da maganar. In da hali, ranar komawa asibiti ku tafi da ita, manya sun fi karɓar magana daga bakin mai farin kaya.

Tunda an ambaci haƙori, a yi hattara da magungunan da ake sayarwa da sunansa. A 2008 wani mai suna My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya lalata ƙodar yara a Najeriya, sama da 80 suka rasu. Haka nan Flagyl da kafso ja-da-yalo da ake ɓarewa a zuba wa jariri a cokali: yawancin gudawar yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, waɗannan ba sa taɓa ta, illa kawai suke bari.

Wajen haɗa ORS, a karanta jikin ledar. Galibi ta lita ɗaya ce, wato fiya wata biyu. Ba a rage ruwa don ya yi ƙarfi, ba a ƙara sukari don ya yi daɗi. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane kashi, da cokali, a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Nono kuwa ba a dakatar da shi, abinci ma haka.

Akwai alamun da ba a zama gida da su ko da zink da ORS na hannu: yaro ya ƙi nono da ruwa, ko duk abin da ya sha ya dawo, idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki yana ta barci, jini a cikin kashi, ko kashi fari tsululu kamar ruwan shinkafa. Wannan asibiti ne ko da tsakar dare. Kuma in Allah ya kawo ƙani ko ƙanwa, tun 2022 an sa rigakafin rota, ƙwayar da ta fi jawo gudawa mai tsanani ga jarirai, cikin rigakafin yara na Najeriya. Ɗigawa ake yi a baki, a watannin farko.

TAMBAYA: Ina da ciki wata biyar. A wajen awo an ba ni jar ƙwayar ƙarin jini. Maƙwabciyata ta ce ba ta aiki sai da bitamin C babba. Gaskiya ne? Daga wata mai juna biyu, Maraɗi.

AMSA: Allah ya raba lafiya. Maƙwabciyarki ta kamo gefen gaskiya. Bitamin C na taimaka wa hanji ya ɗauki sinadarin ƙarfe, musamman na wake da ganye da hatsi. Amma ɗan kaɗan ya isa, rabin lemo ko 'yan yankan gwanda lokacin shan ƙwayar. Mai ciki na bukatar wajen miligiram 85 a rana. An gwada ba masu ciki bitamin C da E da yawa da fatan hana hawan jinin ciki da jijjiga, bai hana ba, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa su cikin abin da za a riƙa ba kowace mai ciki ba. Abin da ta sa shi ne ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid, kullum. In an haɗa miki da ƙaramar bitamin C a wajen awo, ki sha, ba laifi. Babbar ce ba sai kin saya ba.

Wanda zan ja miki kunne a kai shi ne shayi. Na san mutanen Maraɗi da shayi. Ganyen shayi na ƙulle ƙarfen ya hana shi shiga jini, madara ma na rage shi. Ki raba su da ƙwayar da awa biyu. In kashinki ya yi baƙi, aikin ƙwayar ne, kada ki tsorata ki daina.

TAMBAYA: Shekararmu huɗu da aure ba haihuwa. Matata ta je asibiti an ce lafiyarta lau. Wani aboki ya ba ni shawarar zink, na sayo mai rubutun 220, ina shan biyu kullum wata biyar ke nan. Yana ƙara ƙarfin namiji da maniyyi kamar yadda ake faɗa? Daga wani magidanci, Bauci.

AMSA: Malam, na yaba maka da ka yarda matsalar na iya kasancewa daga wajenka. Maza da yawa sai a yi shekara goma ana jan mace daga wannan asibiti zuwa wancan mai magani, su ko sau ɗaya ba a duba su ba.

Ka dakatar da ƙwayar nan yau. Lambar 220 nauyin gishirin zink ɗin ne gaba ɗaya, zink na ainihi a ciki miligiram 50 ne. Biyu 100 ke nan. Bukatar namiji 11 ce a rana, iyakar da aka ɗiba wa baligi kuma 40. Zink da sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, rige-rigen shiga suke a hanji, in zink ya yi yawa na tsawon watanni sai ya hana kofa shiga. Ƙarshenta ƙarancin jini, raunin garkuwar jiki, da mutuwar jijiyoyin ƙafa, wadda wani lokaci ba ta dawowa daidai. In kana jin ƙafafunka na dindiris ko tafiyarka ta canza, ka gaya wa likita abin da ka sha da tsawon lokacin.

Maganar zink da mazakuta tana da tushe. A ƙarshen shekarun 1950 wani likita ɗan asalin Indiya, Ananda Prasad, yana aiki a Shiraz ta ƙasar Iran, aka kawo masa saurayi ɗan shekara 21 da jiki irin na yaron da bai balaga ba. Abincinsa gurasa ce kusan zalla, ga shi yana cin yumɓu. Prasad ya sami wasu irinsa a can, daga baya ya sami wasu a ƙauyukan Masar, kuma a 1963 ya nuna ƙarancin zink ne. Da aka ba su, suka yi tsawo suka balaga. Daga nan aka san ɗan Adam ba ya yi sai da zink. Amma gyara wanda ya rasa daban, ƙara wa wanda yake da shi daban. A Amurka an gwada da ma'aurata 2,370 masu neman haihuwa: rabin mazan suka sha zink miligiram 30 da folik asid tsawon wata shida, rabi suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamakon ya fito a 2020. Maniyyin bai inganta ba, haihuwa kuma kashi 34 cikin ɗari a wannan ɓangare, 35 a wancan.

Abin yi shi ne gwajin maniyyi, bayan ka ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai. Shi zai nuna ko akwai matsala da irinta. Tsohon ciwon sanyi da ba a yi maganinsa da kyau ba, hangum bayan balaga, kumburin jijiyoyin maraina, taba, duk suna cikin abin da likita zai tambaya, kuma babu wanda zink ke warkarwa a cikinsu.

In zink kake so daga abinci, jan nama da hanta ne kan gaba, tsire da kilishi sun shiga. Sai agushi, riɗi, gyaɗa da wake. Gero da dawa da masara ma suna da shi, sai dai akwai wani sinadari a dusarsu da ke riƙe shi ya hana jiki ɗauka. Jiƙa hatsi ya kwana, ko barin gasara ta yi tsami kamar yadda ake wa koko, na karya wannan sinadari. Jiƙa wake kafin a dafa ma haka.

TAMBAYA: Ƙawayena na shan bitamin C, wasu har allurarsa ake yi musu a gida, wai yana sa hasken fata. Bikina saura wata uku. In fara? Daga wata amarya, Kano.

AMSA: Allah ya sanya alheri, 'yata. Fata na bukatar bitamin C don ɗinke rauni da riƙe ƙarfinta, wannan haka yake. Amma ƙwayarsa ba ta canza launin da aka haife ki da shi. Wadda kika ga ta yi fari, ki bincika man da take shafawa, a nan za ki tarar da sinadaran bilicin. Allurar kuwa ban yarda da ita ba sam. Akwai wani rashi na gado a jini da ake kira G6PD, yana da yawa a Afirka ta Yamma, kuma galibin masu shi ba su sani ba. In aka ɗura wa mai shi bitamin C mai yawa ta jijiya, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, ƙoda ta tsaya. Ga haɗarin allura a ɗaki, a hannun wadda ba aikinta ba. Ki ci 'ya'yan itace, ki sha ruwa, ki rage shiga rana, a yi miki dilka da halawa irin na kowa.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a ƙauye. Dasashina na jini in na yi asuwaki. An ce rashin bitamin C ne, shi ne nake shan kunun tsamiya da zoɓo kullum, amma shiru. Daga wani malami, Ɗanbatta.

AMSA: Malam, mafi yawan jinin dasashi dattin da ya taru a gindin haƙori ne ke kawo shi, har ya daskare ya zama kamar dutse. Wannan sai likitan haƙori ya kankare. Ka fara da nan.

Rashin bitamin C na sa jinin dasashi, gaskiya ne, amma sai mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku kusan babu shi a abincinsa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai kasala, ciwon gaɓoɓi, ɗigon jini a ƙarƙashin fata, tsohon miki ya ƙi warkewa, haƙora su yi girgiɗi. Ciwon da ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwan Turai ke nan. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya ware majinyata 12 a cikin jirgi, ya kasa su biyu-biyu, kowane kashi da abin da ake ba shi. Biyun da suka sami lemon zaƙi da na tsami ne suka miƙe cikin kwana shida. Duk da haka sai 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemo ga kowa. Ciwon bai ɓace ba. An gan shi a sansanonin 'yan gudun hijira a Habasha da Somaliya da Sudan a shekarun 1980, inda mutane suka yi watanni kan hatsi da mai kawai. Gidan da ya wuni ya kwana kan tuwo da busasshiyar miya wata da watanni, ko tsohon da ba ya iya tauna, ana iya samunsa.

Sai dai ka kama hanyar da ba ta ɓullewa. Mutane na ɗauka duk abu mai tsami bitamin C ne. Tsamiya ba ta da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, bai kai miligiram 5 a giram 100 ba. Zoɓo kuma an busar, an tafasa, an bar shi ya wuni, abin da ya saura kaɗan ne. Wannan bitamin ba ya jure wuta, ba ya jure rana, yana narkewa ya bi ruwan da aka tsiyaye, kanwa kuma kashe shi take yi. Shi ya sa kuka da busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, duk amfaninsu ta wasu fuskoki, ba a dogara da su a nan.

Ga abin da ke kusa da kai. Garin 'ya'yan kuka, farin nan da ake damawa a zuba a nono, ya ninka lemo, muddin ba a dafa shi ba. Jan tattasai ɗanye ya fi lemo. Ɗan yazawa, gwaiba, gwanda, mangwaro in bazara ta zo, ɗanyen kabeji da tumatir na 'yan noman rani. Kwaɗon zogale da aka yanka masa ɗanyen tumatir da tattasai da albasa aka matsa lemon tsami ya biya bukata, ƙuli-ƙulin ciki kuma ya kawo zink. In da gaske rashin ne, ƙaramar ƙwayar nan fara mai miligiram 100 ta wadatar, za ka ga canji cikin mako ɗaya zuwa biyu. In jinin bai tsaya ba, ko kana ganin shi a hanci ko wani wuri, a gwada jininka.

A GAJARCE

Mai tambaya daga Zariya kan yaran da ke tsotsar bitamin C mai launin lemo kamar alewa: ɗaya a rana ba komai, amma ba a miƙa musu leda guda. Tsaminta na cin haƙori, da yawa kuma na sa ciwon ciki da gudawa. A ɗaga ta sama inda hannu ba ya kai.

Baba daga Katsina mai ciwon sukari: e, bitamin C mai yawa na iya rikita wasu na'urorin gwajin sukari na gida su ba da lambar da ba daidai ba. Ka gaya wa likitanka kana sha.

Hajiya daga Kumasi da aka rubuta wa Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma shan zink: kada ki haɗa su lokaci guda, zink na riƙe maganin ya hana shi aiki. Ki sha Cipro, bayan awa biyu ki sha zink, ko ki ajiye zink ɗin har ki gama. Haka dokar take da tetrasaikilin da ƙwayar ƙarin jini.

Uban yaro mai sikila daga Azare: masu sikila kan yi ƙarancin zink, kuma likitoci kan rubuta musu shi. Amma awon na likitan da ke duba shi ne. Bitamin C mai yawa kuma a guje shi in ana yawan ƙara wa yaron jini, domin ƙarfe ya riga ya taru a jikinsa. Ka tafi da kwalbar da ka saya ranar asibiti a duba lambar NAFDAC da abin da ke ciki.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki tambayoyin da suka taru kan magungunan olsa.